Yadda garmar shanu ta riga tarakta shiga gonar talaka

A shekarar 1949 Gwamnatin Najeriya ta mulkin mallaka ta haɗa hannu da wani kamfanin raya ƙasashen renon Ingila, suka buɗe katafariyar gona a Mokwa, cikin ƙasar Nufe. Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba, Ingila na fama da ƙarancin man girki, aka ga gyaɗar Afirka ce mafita. Can a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, an riga an fara irin wannan aiki tun 1947, har da tankokin yaƙi da aka mayar taraktoci. Wancan shiri ya cinye fiye da fam miliyan 30 kafin a rufe shi a 1951.

Tsarin Mokwa a takarda ba shi da makusa, don an kwaikwayo shi ne daga noman audugar Jazira ta Sudan. Kamfani zai share daji, tarakta ta yi huɗa, a ba kowane magidanci eka 24 ya kula da ita kowace damina, gyaɗa da dawa. In an yi girbi kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku, manomi ya tashi da ɗaya. Da aka shiga daji sai kututture da saiwoyi suka riƙa karya ƙarafan injin, kayan gyara kuwa sai an jira jirgin ruwa. Amma babbar matsalar tana wani wuri. Tarakta takan yi huɗar eka 24 cikin 'yan kwanaki ta kama gabanta, ta bar mutum da iyalinsa da fartanya. Duk wanda ya taɓa sunkuyawa noman firi ya san gida guda ba ya gama eka 24 kafin ciyawa ta shanye shuka. A 1954 kamfanin ya janye. Masanin tattalin arziki K. D. S. Baldwin ya bi diddigin abin da ya faru a littafin da ya fitar a 1957.

Alhali tun kafin wannan hayaniya akwai wani aiki da ke tafiya a hankali. Ma'aikatar Gona ta kafa tasharta a Samaru kusa da Zariya a 1922, kuma a 1928, zamanin darakta O. T. Faulkner, aka fara gwajin noma da shanu da manoma uku kacal. Abin da ya fi damun Turawan ma a lokacin taki ne: a ɗaure bijimai a gida, a tara kashinsu, a kai gona don ƙasa ta daina gajiya. Baitulmalin En'e ke ba da rancen bijimai biyu da garma, a biya sannu a hankali. Da farko masu sarauta da masu hali ne suka fi samu, kamar yadda aka saba. Amma kafin a kai ga samun 'yanci masu garmar shanu sun kai dubbai, musamman a ƙasashen gyaɗa da auduga na Kano da Katsina da Gombe.

Dalilin karɓuwarta a fili yake. Garmar da ta fi yaɗuwa, wadda ake kira Emcot, kunya take tayarwa, irin wadda manomin Arewa ya gada yana tayarwa da hannu. Ba ta nemi ya sake fasalin gonarsa ba. In shuka ta tasa, a sake bi da ita ta kwarin kunya, ta binne ciyawa ta yi wa shuka ban ƙasa. Bakinta ya cinye, maƙerin kasuwa ya ƙera wani. Mai shanu ya gama tasa gonar ya yi wa maƙwabta huɗa su biya shi, da rani ya ɗaura musu amalanke, bayan 'yan shekaru ya sayar da su sun yi ƙiba ya sayi ƙanana. Iyakarta ita ce inda ƙudan tsando yake, don sammore ba ya barin shanu.

Bayanin da ya warware zaren ya zo ne bayan tashar Samaru ta zama cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. David Norman da abokan aikinsa suka bar filin gwaji suka shiga ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa a 1966 da 1967, suna rubuta wa ya yi wane aiki, a wace gona, na awa nawa. Lissafin ya nuna cewa abin da ke ƙayyade girman gonar mutum shi ne hannun da zai samu a watannin Yuni da Yuli, lokacin da noma da maimai ke haɗuwa, ɗan ƙwadago ya yi tsada. Ya kuma nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda malaman gona suka daɗe suna kallo a matsayin rashin wayewa, ya fi shuka guda riba kuma ya fi kare gida daga yunwa. Sai dai irin wannan gona ba ta jituwa da injin da aka ƙera don jeri ɗaya, shuka ɗaya.

Na so a ce gwamnatoci sun karanta wannan. Da kuɗin fetur ya zo a shekarun 1970 sai aka koma kan tarakta: ofisoshin haya a jihohi, masana'antar harhaɗawa ta Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano. Ƙaramin manomi ya rubuta suna, layi ya zo kansa bayan shuka ta wuce. Wani nazarin Bankin Duniya na 1987 ya duba irin waɗannan tsare-tsare na haya a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya tarar galibinsu sun durƙushe.

Ciyawar da ta kayar da Mokwa kuwa, a yau da tankin feshi na goyo ake yaƙarta. Yana da arha, yaro ma yana iya saɓa shi, ya gama cikin yini abin da gayya ke yi. Mafi yawan masu feshin ba safar hannu, ba takunkumi, kuma ba kowa ne ke iya karanta ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin ciyawar da Turanci ba.