Dien Bien Phu: Nasarar Fagen Fama da Hasarar Zauren Sulhu

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa cin yaƙi daban, samun 'yanci daban. Ranar 2 ga Satumba 1945 Ho Chi Minh ya yi shelar 'yancin Biyetnam a Hanoi, amma Faransa ta ƙi sakin ƙasar, har yaƙi ya ɓarke a ƙarshen 1946.

A 1953 Faransawa suka kafa sansani a kwarin Dien Bien Phu, a zatonsu ba mai iya hawa da igwa kan duwatsun da suka kewaye shi. Sai ga mayaƙa sun jawo igwoyi da igiya, talakawa kuma suna dakon shinkafa da harsasai a kan kekuna. Janar Vo Nguyen Giap ya fara kai hari ranar 13 ga Maris 1954, sansanin ya faɗi ranar 7 ga Mayu.

To, amma a taron sulhu na Janiba, cikin Yulin wannan shekara, aka raba ƙasar biyu bisa alkawarin zaɓen haɗewa a 1956. Ngo Dinh Diem, mai mulkin Kudu, ya ƙi zaɓen da goyon bayan Amurka. A 1965 Amurka ta sauke rundunar yaƙi a Da Nang. A 1968 sojojinta sun haura 500,000. Ta janye a 1973, Saigon ta faɗi ranar 30 ga Afrilu 1975.

A ganinmu, abin da aka hana ƙuri'a ta yanke a 1956 shi ne aka biya da jinin miliyoyin mutane.