Lanƙwasa tsirkiya: Dabarar da ke sa jita ta yi kuka kamar muryar mutum

Lanƙwasa tsirkiya dabara ce ta kaɗa jita, inda makaɗi ke danne tsirkiya a wuyan jitar, ya kaɗa ta, sannan ya tura ta gefe ba tare da ya ɗage yatsansa ba. Turawar tana ƙara wa tsirkiyar tsauri, sai sautin ya riƙa hawa sannu a hankali har ya kai inda makaɗin yake so. Duk wanda ya taɓa jin jitar lantarki tana wani irin kuka mai ja a kiɗan buluz ko rok, galibi wannan dabarar ce ya ji.

Dalilin samuwarta

An gitta wa wuyan jita ƙananan ƙarafa waɗanda suka raba shi gaɓa-gaɓa. Kowace gaɓa tana ɗaga sauti da rabin taki, kuma idan aka kai gaɓa ta 12 saurin kaɗawar tsirkiyar ya ninka. Wannan tsari yana sauƙaƙa wa makaɗi samun sauti daidai, amma yana ɗaure shi: daga wannan gaɓa sai waccan, babu komai a tsakani. Muryar mawaƙi kuwa tana zamewa daga sauti zuwa sauti, haka ma goge da kukuma waɗanda ba su da waɗannan ƙarafa. Lanƙwasa tsirkiya ita ce hanyar da mai jita ke bi ya cimma sautukan da ke ɓoye tsakanin gaɓa da gaɓa.

Yadda sautin ke hawa

Abubuwa uku ke tantance sautin tsirkiya: tsawonta, kaurinta da tsaurinta. Danna gaɓa yana rage tsawo, lanƙwasawa kuwa tana ƙara tsauri. Wanda ya san kalangu ya riga ya san wannan ƙa'ida, domin idan makaɗi ya matse igiyoyin kalangu a hammatarsa fatar takan ƙara tsauri, sauti ya hau, idan ya sassauta ya sauko.

A lissafin kimiyya, ɗaga sauti da rabin taki yana nufin saurin kaɗawar tsirkiya ya ƙaru da kimanin kashi 6 cikin 100, wanda ke buƙatar ƙarin tsauri na kusan kashi 12. Cikakken taki kuma yana buƙatar ƙarin tsauri na kusan kashi 26. Shi ya sa kowane ƙarin hawa yake fin na baya wahala a yatsu.

Ire-irenta

Wadda aka fi yi ita ce ta cikakken taki, wato sautin ya kai na gaɓa biyu a gaba. Akwai ta rabin taki, da ta taki ɗaya da rabi, wasu ma kan kai taki biyu, kamar David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd. Akwai kuma 'yar ƙaramar turawa da ba ta kai rabin taki ba, wadda ita ce gishirin kiɗan buluz. Wani lokaci makaɗi kan tura tsirkiyar tun kafin ya kaɗa ta, sannan ya sake ta a hankali, sai a ji sauti yana saukowa kamar ajiyar zuciya. Wata kuma ana kaɗa tsirkiya biyu tare, a tura ɗaya har sautinta ya haɗu da na 'yar'uwarta. Jimi Hendrix ya yi amfani da wannan sosai.

Tarihinta

Dabarar ta bunƙasa ne a hannun baƙaƙen fatar Amurka masu kiɗan buluz. Ana jin ta a fayafayen Lonnie Johnson tun shekarun 1920, kuma zuwan jitar lantarki, wadda sautinta ke daɗewa kafin ya mutu, ya ba ta fili a hannun irin su T-Bone Walker. B.B. King, wanda aka haifa a jihar Misisipi a 1925 ya rasu a 2015, ya sha faɗin cewa ya kasa ƙwarewa a salon ɗan'uwansa Bukka White na zame ƙarfe a kan tsirkiyoyi, don haka ya nemi irin wannan sautin da yatsunsa kawai. Albert King kuwa bahago ne, ya riƙa juya jitar Gibson Flying V ba tare da ya sauya jerin tsirkiyoyin ba, saboda haka shi janyo siraran tsirkiyoyin ƙasa yake yi, abin da ya ba shi damar ɗaga sauti fiye da yawancin takwarorinsa.

Tsirkiyoyin da ake sayarwa kafin shekarun 1960 masu kauri ne, ta ukun ma naɗaɗɗiya ce, mai wuyar turawa. Makaɗa irin su James Burton sai suka riƙa aron siraran tsirkiyoyin banjo suna ɗaurawa a jita. A 1962 wani mai kantin kayan kiɗa a Kalifoniya, Ernie Ball, ya fara sayar da jerin siraran tsirkiyoyi da ya kira Slinky, daga nan dabarar ta zama ta kowa. Ba jita kaɗai ke da ita ba: masu kaɗa sitar a Indiya sun daɗe suna jan tsirkiya gefe don su zame a kan sautuka da dama.

Yadda ake yinta

Galibi yatsa na uku ne ke danne tsirkiyar, na tsakiya da manuni kuma su jeru a bayansa a kan tsirkiyar su taya shi. Babban yatsa yana rataye a saman wuyan jitar a matsayin madogara, ƙarfin kuma yana fitowa daga juyin tsintsiyar hannu, kamar mai murɗa makulli. Siraran tsirkiyoyi uku ana tura su sama, masu kaurin kuma a ja su ƙasa, don kada su zame daga gefen wuyan.

Jitar kanta tana da tasiri. Tsirkiyar da kaurinta yake inci 0.009 ta fi ta 0.011 sauƙin turawa, ko da yake Stevie Ray Vaughan ya yi suna da amfani da masu kauri bayan ya sassauta su da rabin taki. Tsawon tsirkiya a Fender Stratocaster inci 25.5 ne, a Gibson Les Paul kuma 24.75, don haka ta biyun ta ɗan fi laushi. Tsirkiyar nailan tana miƙewa ƙwarai, sautinta ba ya hawa da yawa ko an tura ta da nisa.

Inda ake kuskure

Babban kuskuren mai koyo shi ne tsayawa kafin a kai sautin da ake nema, ko a zarce shi. Kunnen mai sauraro, ko bai san kiɗa ba, yakan gane wannan nan take. Maganinsa shi ne mai koyo ya fara kaɗa sautin da yake nufi a gaɓa biyu gaba, ya saurare shi da kyau, sannan ya koma baya ya tura tsirkiyar har sautukan biyu su zama ɗaya. Manhajar saita sauti ta wayar hannu tana nuna ko an kai ko ba a kai ba.

Kuskure na biyu shi ne barin sauran tsirkiyoyi suna ƙara, wanda ake hanawa da tafin hannun da ke kaɗawa. Na uku kuwa gaggawa ce. Kan yatsu kan yi zafi a makonnin farko kafin su yi kanta, kuma wanda ya matsa wa kansa fatar yatsansa na iya rabuwa da farce. Gara a fara da rabin taki a kan siraran tsirkiyoyi, wajen gaɓa ta 7 zuwa ta 12 inda suka fi laushi, na 'yan mintoci a kullum, har kunne da yatsu su saba da juna.