Daga Zauren Malam Ibrahim Zuwa Samaru: Tarihin Wata Tambaya a Ƙasar Zazzau

Idan aka ambaci Kiristanci a Zariya, hankalin mafi yawan mutane yakan tafi Sabon Gari ne, wato unguwar da ta tsiro a gefen tashar jirgin ƙasa bayan da dogo ya iso a shekarar 1911, inda akawuna da masu gyaran inji da 'yan kasuwa daga Kudu suka sauka, suka gina majami'unsu, suna waƙoƙin ibada da Yarbanci da harshen Ibo da Ingilishi. Wannan ya sa aka daɗe ana ɗaukar addinin a matsayin kayan baƙi, wanda babu abin da ya haɗa shi da tunanin Bahaushe ko adabinsa. Amma tarihi ya nuna cewa tambayar ko wane ne Isa ɗan Maryamu, da kuma mene ne matsayinsa a wurin Ubangiji, ta riga jirgin ƙasa isowa ƙasar Hausa, ta kuma riga mulkin Turawa. A zauren karatu aka fara yin ta, kuma malamai ne suka yi ta.

A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Kamar yadda labarin ya zo daga bakin mabiyansa, yawan nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka yi zancen Annabi Isa, alaihissalam, shi ya kai shi ga ba wannan Annabi wani matsayi na daban, har ya riƙa koya wa almajiransa su zauna cikin jiran dawowarsa. Hukumar Kano ta zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi ba ta lamunci wannan koyarwa ba, aka kashe shi a bainar jama'a. Almajiransa, waɗanda aka riƙa kira Isawa, suka watse zuwa yankin Ningi da gabashin ƙasar Zazzau, suka ci gaba da karatunsu da nomansu nesa da idon fada.

Ya kamata mai karatu ya lura da irin kayan aikin da malami na wancan zamani yake da su. Wanda ya yi nisa a karatun zaure ya ratsa littattafan tauhidi irin na Shehu Sanusi, inda ake koya wa ɗalibi rarrabe hukunce-hukuncen hankali guda uku: abin da ya wajaba, da abin da ya koru, da abin da ya halatta. Ya kuma ɗanɗana mantiƙi da nahawu da balaga. Saboda haka idan irin wannan mutum ya tsaya a kan kalma guda yana juya ta, yana tambayar abin da take nufi da abin da ba za ta iya nufi ba, to aikin falsafa yake yi, ko da bai taɓa kiran sa da wannan suna ba. Malaman zamaninsa sun ga ya ɓata, kuma suna da nasu hujjojin daga littattafan da shi ma ya karanta. Abin takaici shi ne da kisa aka rufe muhawarar.

A can wata nahiya kuma wasu suna ta fama da harshen Hausa don wata manufa. Wani Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, J. F. Schön, wanda ya bi ayarin da ya shigo kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya shafe shekaru yana tattara Hausa, mafi yawa daga bakin wani yaro mai suna Dorugu da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Daga nan ya fitar da littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, ya kuma fassara wasu sassa na Linjila. Hausar tasa ta wanda bai taɓa zama a Kano ko Katsina ba ce, tana da ƙarancin gishiri, amma ita ce ta share fage.

Mutumin da ya kawo aikin cikin Zazzau shi ne Dokta Walter Miller. Ya fara koyon Hausa ne a Tarabulus, wurin fatake da alhazai, sannan ya biyo ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900. Sarkin Kano Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba, suka koma Girku suka yi zango. A 1905 Miller ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗansidi, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Haɗuwar waɗannan mutane biyu abin dubawa ce. Sarkin fasihi ne, mawaƙi, wanda har yau ake nazarin waƙoƙinsa na ajami irin su Tabarƙoƙo. Likitan kuwa mutum ne mai kaifin harshe da taurin kai, wanda ya ƙware a Hausa har Turawan mulki suna zuwa wurinsa neman ƙarin sani. Zaman nasu ya fara da mutunci, ya ƙare da tsamin dangantaka. Su ma jami'an mulkin mallaka ba su saki jiki da shi ba, domin Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa musu addini ba, ga shi kuwa ɗan mishan zaune a tsakiyar birnin Musulmi.

A 1913 ne igiyoyin nan biyu suka haɗu. Wasu samari daga cikin Isawa suka zo Zariya wurin Miller, suka shaida masa cewa iyayensu sun daɗe suna jiran wanda zai kawo musu cikakken labarin Isa. Daga wannan ziyara aka kafa wani ƙauye a Gimi, inda iyalai da dama suka tare, aka gina makaranta da majami'a. Ƙauyen bai yi tsawon rai ba, domin ciwon barci ya shiga cikinsu ya yi mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya. Da matsin lamba ya yi yawa a kan mishan ta bar cikin ganuwa, sai aka koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena, a 1929. Majami'ar Saint Bartholomew da aka gina a can da tubali da azara aka yi ta, da bakan gizo irin na soron Hausa, ta yadda wanda ya shiga zai ga hannun maginan Zazzau kafin ya ga wani abu na Turai.

Babban aikin da ya fito daga wannan zama shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. Miller ne ya ja ragamar fassarar, tare da 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi da kuma Hausawan da suke zaune da shi, waɗanda galibi tarihi bai ba su haƙƙinsu ba, alhali kuwa su ne masu harshen. A ganina a nan ne aka yi tunani mafi zurfi a duk wannan tarihi, domin kowace kalma sai da aka yanke hukunci a kanta. Da wane suna za a kira Mahalicci? Masu fassarar suka ɗauki Allah, sunan da Musulmi da Maguzawa duk suka sani. Haka suka ɗauki annabi da mala'ika da zunubi da tuba da gafara da Zabura da Attaura, kalmomin da suka shigo Hausa daga Larabci ta hannun malaman Musulunci, kowaccensu ɗauke da nauyin ma'anar da ɗaruruwan shekaru na karatu suka ɗora mata. Inda tauhidin Kirista yake zancen baiwar da Allah yake yi wa bawa ba don ya cancanta ba, sai aka ɗauko alheri, kalmar da Bahaushe yake amfani da ita ga kyautar maƙwabci da kirkin baƙo, aka ɗora mata wannan babban kaya.

Misali mafi ban sha'awa yana farkon Linjilar Yahaya. A can marubucin ya yi amfani da kalmar Girkanci logos, wadda masana falsafar Yunan tun daga Hiraklitus suka yi ta juyawa da ma'anar magana, da hankali, da tsarin da ke riƙe da duniya, kafin Filo, Bayahuden Iskandariyya, ya haɗa ta da zancen halitta. Da Hausa aka ce Kalma. Duk wanda ya yi karatun allo ya san cewa a Suratun Nisa'i an siffanta Isa da kalima daga Allah. Musulmi ya fahimci wannan da cewa an halicce shi ne da umarnin Ubangiji ba tare da uba ba, shi kuwa Kirista ya fahimci Kalma da cewa tana nan tun fil azal. Saɓanin babba ne, kuma babu amfanin a ɓoye shi. Sai dai fassarar ta sa ɓangarorin biyu suna saɓawa a kan lafazi guda da dukansu suke ji a bakinsu, wanda kuwa shi ne sharaɗin farko na kowace muhawara mai ma'ana.

Wani abin mamaki shi ne yawancin waɗanda suka karanta wannan littafi ba Hausawa ba ne. Mishan-mishan da suka yi aiki a Filato da kudancin Zazzau da Adamawa sun mayar da Hausa harshen majami'a da makaranta, sai ga Birom da Angas da Bajju da Bura suna addu'a da kalmomin da aka tace a Zariya.

Shekara guda bayan fitowar littafin, Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar shi ne Jiki Magayi, wanda East ya rubuta tare da John Tafida, Kirista ɗan Wusasa. Labarin na Abubakar ne, wanda attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa budurwarsa Zainabu da ƙarfin dukiya, shi kuma ya bazama duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za su haifa. Asirin ya ci, yaron ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa, amma shi ma mai ramuwar bai tsira da komai ba sai jikin da wahala ta cinye. Sauran littattafan gasar sun fi karkata ga yawon duniya da ban dariya da jarunta, in ban da Shaihu Umar. Wannan kuwa ya tsaya ne a kan tambaya mai nauyi, wato ko wanda aka zalunta yana da ikon ɗaukar fansa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, da kuma inda ƙaddara ta tsaya alhakin mutum ya fara. Manyan mutanen labarin Musulmi ne, kuma babu wa'azin Kirista ko na layi ɗaya a ciki. Ɗalibai sun shekara da shekaru suna karanta shi a makarantu, da yawansu ba su taɓa tsayawa sun tambayi addinin marubucin ba.

Wusasa ta fitar da mutanen da suka yi fice nesa da girmanta. Dokta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Janar Yakubu Gowon a can ya tashi. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Wato jikan almajiran da aka kora saboda wata fahimta ya zo ya riƙe babbar cibiyar ilmi ta Arewa a Samaru, aka kuma yarda da shi.

Sai dai Samaru ta zo da nata sauyin. Jami'ar da aka buɗe a 1962 ta zama dandalin muhawara mai zafi, musamman a sashen tarihi na su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, kuma tun kafin nan, a 1958, ɗaliban zane na kwalejin da ta rigaye ta, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiyar da ta nemi a haɗa fasahar gida da ta waje. Nwoko ya zo ya tsara majami'ar 'yan Dominikan a Ibadan bisa wannan tunani. Amma da Ingilishi aka yi duk wannan. Ɗalibin Samaru yana iya karanta Aflatun da Agustin da Markis, ya yi gardama a kansu har dare, ba tare da ya taɓa jin sunan Malam Ibrahim ba. A Sabon Gari kuma kowace ƙabila tana ibada da harshenta. Hausa ta ci gaba da zama harshen wa'azi a masallaci da majami'a, har aka sake fassara Littafi Mai Tsarki aka fitar a 1980, amma ta daina zama wurin da masanan ɓangarorin biyu suke zama su yi wa juna tambaya. Wa'azi ya koma lasifika da kaset, inda mai magana ba ya ganin fuskar wanda yake suka.

A ranar 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan, wani mai wa'azi da ya bar Musulunci ya koma Kirista ya kawo ayoyin Alƙur'ani a cikin jawabinsa ga ɗalibai. Ɗalibai Musulmi suka ce ya karkatar da ma'anarsu, ya kuma taɓa mutuncin Manzon Allah. Faɗa ya kaure, aka rasa rayuka, aka ƙone masallatai a garin. Cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Kaduna da Funtuwa da Katsina da Zariya, inda aka ƙone majami'u masu yawa a Sabon Gari da Samaru da Wusasa, har da ɗakin ibadar Kiristoci na cikin jami'a. Da yawa daga cikin waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada a Wusasa Hausawa da Fulani ne, masu dangi Musulmi a cikin ganuwar Zariya da ƙauyukan Ikara da Anchau.