The Princess Bride: Fim Ɗin Da Kaset Ya Raya

A watan Satumba na 1987 kamfanin 20th Century Fox ya saki wani fim a Amurka mai suna The Princess Bride. An kashe kimanin dala miliyan 16 wajen shirya shi, ya kuma samo kusan miliyan 31 a gidajen silima na Amurka da Kanada. Ba a yi asara ba, amma babu wanda ya kira wannan gagarumin ciniki. Sai ga shi a 2016 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya fim ɗin cikin jerin waɗanda ƙasar ke adanawa saboda darajarsu. Abin da ya hana shi cin kasuwa da farko shi ne kuma ya ba shi tsawon rai: fim ne da ke ba'a da labarin soyayya irin na tatsuniya, alhali ya yarda da labarin har zuci. Hakan kuwa ya samo asali tun daga littafin da aka ciro shi.

William Goldman ne ya wallafa littafin a 1973, bayan ya riga ya ci kyautar Oscar da rubutun fim ɗin Butch Cassidy and the Sundance Kid. Ya sha faɗin cewa 'ya'yansa mata biyu ya tambaya labarin da suke so, ɗaya ta zaɓi gimbiya, ɗaya ta zaɓi amarya, shi kuma ya haɗa su. Ƙashin labarin tsoho ne: Buttercup tana son Westley, yaron da ke aiki a gonarsu; ya tafi neman arziki, aka ce 'yan fashin teku sun kashe shi; yarima Humperdinck na ƙasar Florin ya ɗauke ta zai aura da mugun nufi. Dabarar Goldman ita ce sabuwa. Ya ƙirƙiro wani marubuci, S. Morgenstern, ya ce littafinsa yake taƙaitawa, yana zubar da wuraren gundura yana barin masu daɗi, yana kuma tsoma baki a tsakiya. Mai karatu na jin muryoyi biyu ke nan, ta labarin da ta wanda ke ba da shi.

Wannan muryar ta biyu ta wahalar da masu shirya fim fiye da shekara goma. Fox ya sayi haƙƙin littafin, aka tsayar da Richard Lester zai ba da umarni, sai aka sallami shugaban da ke goyon bayan aikin, magana ta mutu. Goldman ya sa kuɗinsa ya fanso haƙƙin. Norman Jewison da Robert Redford da François Truffaut duk an danganta su da aikin, bai yiwu ba. Wanda ya ci nasara shi ne Rob Reiner, wanda mahaifinsa Carl Reiner ya ba shi littafin tun da daɗewa. Bayan This Is Spinal Tap a 1984 da Stand by Me a 1986 ya samu bakin magana, Norman Lear kuma ya tsaya masa da kuɗi.

A fim ɗin an ajiye wasan taƙaita littafi, aka kawo kaka, Peter Falk, yana karanta wa jikansa marar lafiya, Fred Savage, labarin a gefen gado. Yaron ba ya so. Yana katse kakan, yana ƙorafi idan an zo wurin soyayya, yana neman a kai shi wurin faɗa. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa da dare ana tatsuniya ya san irin wannan yaron, mai gardama da baki amma kunnensa na wurin. A ganina nan ne ƙarfin fim ɗin yake. Yaron ya riga ɗan kallo faɗin duk wani ƙorafi, don haka ɗan kallo ya huta da tsare girmansa, ya saki jiki ya bi labarin. Saboda ba'ar tana da wurin zamanta, 'yan wasan da ke cikin tatsuniyar ba sa buƙatar ƙyafta wa kowa ido. Cary Elwes, wanda ya fito a Westley, da Mandy Patinkin sun yi watanni suna koyon takobi da hannun dama da na hagu a wurin Bob Anderson da Peter Diamond, suka kuma yi faɗan takobin da ke tsakaninsu a fim ɗin da kansu in ban da tsalle-tsallen da ke ciki. Patinkin, wanda ya fito a Inigo Montoya mai neman fansar mahaifinsa, ya bayyana cewa nasa mahaifin da ciwon daji ya kashe yake tunawa lokacin wasan. Shi ya sa wurin da Inigo ya ritsa makashin ke sa dariya ta tsaya cak. André, ƙaton ɗan kokawar nan na Faransa, ya yi wasan Fezzik yana fama da ciwon baya mai tsanani, taushin halin da ya nuna kuma ba na kwaikwayo ba ne.

Masu talla kuwa sun rasa yadda za su ɓullo wa fim ɗin. In sun ce na yara ne, manya su ƙi zuwa. In sun ce na soyayya ne, samari su gudu. In sun ce barkwanci ne, sun ɓoye rabinsa. Masu sharhi sun yaba, 'yan kallo a bikin finafinai na Toronto sun zaɓe shi gwarzo a 1987, duk da haka jama'a ba su yi tururuwa ba. Fitarsa a kaset na bidiyo a 1988 ta sauya lissafi. Kaset ba ya buƙatar talla mai layi ɗaya, aro da bakin maƙwabci sun wadatar. Ana kuma iya maimaita shi, wannan fim ɗin kuwa da maimaici yake ƙara daɗi, domin maganganun Goldman gajeru ne masu saurin zama a ka. Labarin da ake karantawa a ɗakin kwana ya dawo ɗaki, iyaye da yara a tare, yanayin da silima ba ta iya ba shi ba.

Akwai masu cewa duk wannan begen ƙuruciya ne kawai, waɗanda suka kalle shi suna yara ke kambama shi. Da haka ne, da duk finafinan almara na shekarun 1980 da suka bi ta kaset sun samu irin wannan matsayi, amma kaɗan ne suka samu, kuma waɗanda aka haifa bayan kaset ya ɓace suna ci gaba da karɓarsa. Wasu na nuna cewa kayan adonsa na nuna arha, manyan ɓerayen dajin da ke cikin fim ɗin ma a fili yake mutane ne cikin riga. Gaskiya ne, sai dai labari ne da ake gani ta kan yaro mai sauraro, kuma inda ake buƙatar girma an nemo shi, kamar tsaunukan Moher na Ayalan da gidan Haddon Hall a Ingila. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta Buttercup. Robin Wright ta yi wasan da kwarjini, amma labarin ya bar ta tana jiran a cece ta, fim ɗin da ya yi wa kowace tsohuwar al'adar almara tambaya ya bar wannan yadda ya same ta. Ba na ganin masoyansa na da amsa mai gamsarwa a nan. Abin da za a iya cewa shi ne yawancin masu komawa gare shi saboda Inigo da Fezzik suke komawa, mutum biyu da aka ɗauko haya don mugun aiki suka ƙare da amana, kuma zumuncinsu ya ɗauki nauyin da soyayyar ta kasa ɗauka ita kaɗai.