Bayanin Adadin Gidajen Shaɗaranji da Hukuncinsa

Da sunan Allah na fara. Amma bayan haka, ka sani, ya kai ɗalibi, allon shaɗaranji gida 64 gare shi. Idan ka sa ƙwayar alkama guda a gida na fari, biyu a na biyu, huɗu a na uku, kana ninkawa har ƙarshe, jimlarsu ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Biruni ya fitar da ita cikin Asarul Baƙiya wajen shekara ta 1000 ta Miladiyya.

Ibnu Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya ruwaito cewa Sissa, mutumin Hindu, wannan ya roƙa wurin sarki ladan ƙago wasan, sarki kuwa ya raina roƙon. Shi kansa Ibnu Khallikan ya yi kokwanto, sai da wani ma'abocin hisabi na Iskandariyya ya warware masa. Ya ɗauki ƙwaya 32,768 da ke gida na 16 mudu guda, ya tara mudu ya zama rumbu, rumbu ya zama birni, gida na ƙarshe ya tashi birni 16,384. Ni ma da ƙuruciya sau biyu ina wanke allona ban kai gida na 40 ba.

Fasali. Adadin nan mara ne, ba cika ba. Yana rabuwa da 5 domin ƙarshensa 5 ne. Tara haruffansa ishirin, za ka sami 87, don haka yana rabuwa da 3, ba ya rabuwa da 9. Ashe murakkabi ne, ba awwali ba, awwali kuwa shi ne wanda babu mai raba shi sai ɗaya da kansa. Kuma naƙisi ne, ba tammi ba, ba za'idi ba, domin juzu'ansa idan an tara su ba su kai shi ba, duk da girmansa.

Ga wurin da nake so ka tsaya. Gida na 33 yana da 4,294,967,296. Rage masa ɗaya, ƙara masa ɗaya, ka buga wannan cikin wancan, adadinmu ya fito. Wanda aka rage yana warwarewa zuwa 3, da 5, da 17, da 257, da 65,537. Dube su da kyau: kowanne adadin wani gida ne aka ƙara masa ɗaya, dukansu kuma awwalai ne. Da Farma, malamin hisabi na Faransa, ya ga biyar ɗin nan sun jeru haka, sai ya rinjayar a 1640 cewa na shida, wato 4,294,967,297, shi ma awwali ne, da duk na bayansa. Ban zarge shi ba, ƙiyasin yana da kyawun fuska, amma shaidu biyar ba su isa hukunci a kan abin da ba shi da iyaka ba. A 1732 Oila, mutumin Suwizalan, ya nuna 641 yana raba shi, rabon ya tashi 6,700,417.

Saboda haka asalin adadin shaɗaranji awwalai bakwai ne, babu wanda ya maimaitu. Kada ka karɓa daga bakina: ɗauki allonka, buga 641 cikin 6,700,417. Mai kwafa kuma ya ƙirga haruffan nan ishirin kafin ya ajiye alƙalami. Tamat.