Zaki a hannun tsatsa: tarihin tayar da tsohuwar mota a ƙasar Maraɗi

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta kafu tsakanin masu sha'awar motoci. Mutum zai sayo mushen mota irin ta shekarun 1960, wadda tsatsa ta ci ta cinye, ya shigar da ita gida, ya yi shekara uku ko biyar yana fama da ita, har ta koma kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Waɗanda aka fi yi wa wannan hidima su ne masu ƙaton inji mai silinda takwas, irin su Pontiac GTO da Ford Mustang da suka bayyana a 1964, da Dodge Charger da ta biyo bayansu a 1966. Zamaninsu bai yi nisa ba, domin tsadar man fetur ta 1973 da dokokin rage hayaƙi da tsadar inshora sun taru sun karya kasuwarsu. Waɗanda suka saura kuwa, gishirin da ake watsawa kan hanyoyi don narkar da ƙanƙara ya bi su ta ƙarƙashi yana ci.

Irin waɗannan motoci ba su taɓa zama abin hawanmu ba. Amma duk wanda ya ce ba mu san tayar da mushen mota a gida ba, to bai zagaya lungunan Maraɗi ba, bai kuma bi hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ranar kasuwa ba. Mu ma muna da tamu motar, mai tambarin zaki, wato Peugeot, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo. Abin da ya raba mu da Ba'amurke shi ne, shi marmari ya kai shi ga aikin, mu kuwa neman abinci.

Peugeot 404 ta fito a 1960, shekarar da Nijar ta samu mulkin kai. Lokacin gyaɗa ce ke riƙe da arzikin Maraɗi, kuma alhazan birni sun fara sayen motocin kansu. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ta wannan samfuri, mai rufin tamfol, ita ce masu Faransanci ke kira bashe, sauran jama'a kuma akori-kura. Ita ta haɗa ƙauyukan bakin gulbi da kasuwannin birni tun kwalta ba ta kai ko'ina ba. Sunan 404 ya ƙara fita da ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1963, da kuma sau uku a jere daga 1966 zuwa 1968. A 1968 ɗin ne ƙanwarta 504 ta fito, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, aka kuma ƙera fiye da miliyan 3 kafin a daina.

Mene ne ya sa suka dace da ƙasarmu haka? Cikinsu ya yi nesa da ƙasa, ƙafafunsu na shanye gargada, kuma injin ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Abu ɗaya da makanikai suka fi yabawa shi ne hannun rigar silinda: a waɗannan injuna ana zare ta ne a saka sabuwa, ba sai an kai gangar injin wurin na'urar gogewa ba. Saboda haka mutum mai sifana da haƙuri yana iya sabunta inji ƙarƙashin bishiyar bedi a ƙofar gidansa. Inji bai taɓa zama babbar matsala ba. Jikin motar ne ke mutuwa, kuma tsatsa ce ajalinsa.

A nan ne tarihi ya shigo, domin tsatsar kowace mota tana faɗin hanyar da ta biyo ta iso mana. Tsatsa dai ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana hanzarta ta. Ƙasarmu busasshiya ce wata takwas a shekara, don haka motar da ta tashi a nan ba ta saurin ruɓewa. Mafi yawan irin waɗannan daga kudu suka zo. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna, kuma shekaru da dama jiragen sama ne ke ɗauko sassan daga Lyon su sauke a Kano, sannan a kai su Kaduna. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata, sai ta cika Nijeriya, daga can kuma ta tsallako iyaka ta Katsina. Tsatsar ƴar Kaduna daga sama take farawa: buhun takin zamani ko na kanwa da ya jiƙe a bayan akori-kura, fitsarin awaki da tumakin da aka ɗauko daga kasuwa, ruwan batir da ya zuba, da laka ta damina da ta maƙale a kumatun taya ba a wanke ba.

Ƴar Turai kuwa da ciwonta take zuwa. A shekarun 1970 da 1980 samarin Faransa da Jamus da wasu ƙasashe sukan sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha, su ratso Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo ta Asamaka da Arlit zuwa Agadas, su sayar da ita su yi kuɗin jirgin komawa. Rashin zaman lafiya a Aljeriya da arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 ya toshe wannan hanya, sai tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta karɓe kasuwar, motoci suna haurowa ta Gaya da Doso har Maraɗi, da yawansu kuma su wuce Nijeriya. Waɗannan sun sha gishirin hunturun Turai shekara goma ko fiye. Fentinsu na ƙyalli, amma in ka ɗaga shimfiɗar ƙafa sai ka hangi ƙasa. Dillali kan shafe cikin motar da baƙin fenti mai kauri, mai saye bai farga ba sai damina ta biyu.

Abubuwa biyu suka mayar da gyara babbar sana'a. Na farko faɗuwar darajar naira daga 1986, wadda ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Na biyu karya darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, farashin kayan gyara na waje ya yi tsalle cikin dare ɗaya. Daga nan ba a sake yar da mota ba. In biyu sun mutu, sai a haɗa su a tayar da ɗaya.

Ya kamata a bayyana yadda gwanin maƙerin mota yake aikinsa, domin yaranmu na makaranta sun fi sanin sunayen motocin finafinai da wannan. Yakan fara da kwashe kujeru da gilasai da tankin mai, ya jingine motar a kan tsofaffin tayoyi. Sai ya bi ta da ƙaramar guduma yana saurare: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi kamar busasshiyar ƙwarya. Duk inda ya ruɓe yankewa ake yi, har a kai ga farin ƙarfe. Daga nan ya auna gurbin da kwali, ya fitar da irinsa daga jikin wata matacciyar mota ko daga gangar mai, ya lanƙwasa shi a kan guntun ƙarfe, ya liƙa da wutar kabaid kaɗan-kaɗan, nan da can, don kada zafi ya murɗe farantin. Wuraren da suka fi ba shi tsoro su ne dokin ƙofa da inda ƙafar gaba ta kama jiki, saboda ƙaramar 504 ba ta da shasi dabam. Jikinta ne ƙashin bayanta. Akwai kuma masu gaggawa, da ke cusa raga a rami su shafe da mastik su fesa fenti. A ganina wannan ba gyara ba ne, ha'inci ne, kuma an yi asarar rayuka a kan hanya saboda irinsa.

Malamin harshe ba zai wuce garejin iyaka bai tsaya ya saurara ba. Abu ɗaya sunansa biyu: wanda ya koyi aiki a Katsina ya ce fulogi, wanda ya koya a Maraɗi ya ce buji, wancan ya ce walda da fanel-bita, wannan ya ce sudur da toliye. Yaron gareji a Ɗan Isa duka ya sani, kuma bai ɗauki ko ɗaya baƙuwar kalma ba. Ƙamus ɗinmu har yanzu bai kamo shi ba.

Sai dai duk wannan ƙwarewa ba ta taɓa nufin adana mota yadda take ba. Burin mai gyara shi ne gobe ta fita ta nemo kuɗin cefane. In injin Toyota ne ya samu, shi zai dasa. In fitilar wata mota ce ta shiga gurbin, shi ke nan. Shi ya sa da wuya ka samu 404 da ba a yi mata dashe ba. Da motocin Japan suka mamaye tashoshi, Kaduna ma ta daina harhaɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000, sai tsofaffin zakuna suka koma bayan gida, kaji na ƙwai a cikinsu. Yanzu masu sayen tsohon ƙarfe ne ke bin su unguwa-unguwa, su sare da gatari su auna a sikeli. Tsofaffin direbobi da maƙeran da suka san su kuma suna ta raguwa.

A gidan tarihi na Legas an ajiye Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta a 1976. Motar shugaba ke nan. Motar da ta kai gyaɗar talaka sikeli, ta kai mai naƙuda asibiti, ta kawo masu ziyara bakin tafkin Madarunfa, ita ma ta cancanci rumfa. Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙungiyar raya al'adu guda ba, in ta haɗa kai da makarantar koyon sana'a: a samo akori-kura ɗaya wadda takardunta ke nan, a nemi tsohon maƙeri ya jagoranci ɗalibai, a ɗauki muryarsa yana faɗin sunan kowane ƙarfe, a rubuta sunayen waɗanda suka tuƙa ta da hanyoyin da ta bi. Kafin a tara kuɗin, wanda ke da irinta a gida ya ɗaga ta a kan duwatsu ta rabu da damshin ƙasa, ya share lakar da ke kumatun taya, ya cire batir, ya yi mata inuwa kafin ruwan farko, ya kuma kwafe lambar da aka buga a jikinta ya ajiye tare da takardun.