Gwajin matsin haidirolik na tarakta: Yadda ake gano laifi kafin a sayi sabon famfo

Da yawa daga cikin taraktocin da ke aiki a gonakin Arewa ba na masu tuƙa su ba ne. 'Yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ne ke saye, su miƙa wa direba ya shiga ƙauyuka yana aikin haya. Idan ruwan shuka ya sauka aka bugo waya cewa garma ta ƙi tashi, abin da mai tarakta ya fi ji shi ne famfon haidirolik ya mutu. Wani lokaci hakan ne. Wani lokacin kuwa matata ce ta toshe, ko bawul ya yi sanyi, ko robar silindar tirelar da aka ɗaura ta cinye. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin matsin mai, aikin da bai cika wuce sa'a guda ba.

Yadda tsarin yake aiki

Tushen haidirolik ƙa'ida ce da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17: idan aka matsa ruwan da ke rufe, matsin yana isa kowane sashe daidai wa daida. Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ireland, shi ya shahara da amfani da ita wajen ɗaga kayan noma ta hannaye uku na bayan tarakta, tsarin da ya bazu bayan fitowar Ford 9N a 1939.

Famfo yana zuƙo mai ta matata ya tura shi cikin tiyo. Libar da direba ke ja ita ke buɗe masa hanya zuwa silinda, inda yake tura fistin. Tsakaninsu akwai bawul ɗin kariya mai sifirin, wanda ke buɗewa ya mayar da mai ma'ajiya idan matsi ya kai iyaka. A taraktoci irin Massey Ferguson 375, mai ɗaya ne ke yi wa giya da haidirolik aiki, don haka dattin da ya shiga ɗaya ya shiga duka.

Abu biyu ake yawan cakuɗawa. Gudun mai, wanda ake aunawa da lita a minti, shi ke kawo sauri. Matsi kuwa shi ke kawo ƙarfi, kuma ba ya samuwa sai mai ya gamu da nauyi. Ana auna shi da bar ko psi. Bar ɗaya kusan psi 14.5 ne. Fistin mai faɗin milimita 75 yana tura nauyin kusan tan 8 a bar 180. Idan matsin ya sauko bar 120, sai ya koma kusan tan 5 da rabi. Shi ya sa tarakta kan ɗaga ƙaramar rija ta gaza da babban haro. A yawancin taraktoci ana saita bawul ɗin kariya tsakanin bar 170 da 210, amma adadin da ke cikin littafin kamfani shi ne hujja.

Abin da ake dubawa tukuna

A tsayar da tarakta a shimfiɗaɗɗen wuri a duba yawan mai da launinsa. Mai da ya yi fari kamar madara ruwa ya shige shi. Mai kumfa kuwa iska yake sha ta wata kafa. A wanke matatar zuƙo, a canja filta idan lokacinta ya yi, a goge bakin mahaɗan tiyo, domin ƙurar hunturu da yashin gona ta nan suke shiga. A kuma duba maƙunnin da ke rage saurin saukar hannaye, wanda a taraktoci da dama yake ƙarƙashin kujerar direba. Idan an murɗe shi har ƙarshe, garma za ta maƙale a sama alhali babu abin da ya lalace.

Yadda ake gwajin

Ana buƙatar geji mai karanta aƙalla bar 300, da gajeren tiyo mai jure wannan matsi, da mahaɗar da ta dace da ta taraktar.

1. A sauke abin da aka ɗaura ƙasa, a ja birkin hannu, a kashe inji, a motsa libobi gaba da baya don sauran matsi ya fita.

2. A cire tiyon na'urar daga mahaɗar baya, a sa na geji a madadinsa. Taraktar da ba ta da wannan mahaɗa tana da ramin gwaji mai marufi mai zare, kuma littafin ya nuna wurinsa. Kada a toshe bakin famfo da geji a inda babu bawul ɗin kariya a tsakani, domin famfon ko tiyon zai fashe.

3. A tayar da inji a bar mai ya yi ɗumi, kusan digiri 50 a ma'aunin Salsiyos. Mai sanyi yana da kauri, yana ɓoye cinyewar famfo.

4. A ƙara totur zuwa juyin da littafin ya ambata, a ja liba har a ji kukan bawul, a karanta allura, a saki cikin 'yan daƙiƙoƙi. Daɗewa a haka yana ƙona mai.

5. A maimaita a kowace mahaɗa, a rubuta adadin.

Fassarar abin da allura ta nuna

Idan matsi ya cika daidai da littafi amma na'ura ba ta aiki, to taraktar ta fita zargi. Sai a koma kan mahaɗar da ba ta shiga sosai ba, ko tiyon da ya lanƙwashe, ko robar fistin, ko nauyin da ya fi ƙarfin taraktar. Ɗaura na'urar a wata tarakta lafiyayya yana tabbatar da hakan.

Idan matsi ya gaza a mahaɗa ɗaya kawai, laifin bawul ɗin libarta ne ko ita mahaɗar. Idan ya gaza ko'ina, a fara da bawul ɗin kariya, wanda sifirinsa kan saki ko tsakuwar datti ta hana shi rufuwa. Matsin da ke cika da sanyin safiya ya faɗi idan mai ya yi zafi alama ce ta cinyewar famfo ko yoyo daga ciki. Allura mai rawa, tare da gunjin famfo, tana nuna iska ko ƙarancin mai ko toshewar matata.

Matsi yana iya cika amma ɗagawa ta yi nawa. Wannan batun gudun mai ne, kuma geji kaɗai ba ya gano shi, domin gajiyayyen famfo ma yana iya cika geji a rufaffen tiyo. Sai an sa na'urar auna gudun mai an kwatanta litar da ke fita babu nauyi da wadda ke fita ƙarƙashin nauyi; idan tazarar ta yi yawa, famfon ya ƙare. Garmar da ke sauka da kanta bayan an kashe inji kuwa tana nuna yoyo a robar fistin ko a bawul ɗin sarrafawa.

Matsin da ya haura na littafi shi ma laifi ne. Yawanci wani ne ya ƙara ɗaure bawul don tarakta ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, ƙarshensa fashewar tiyo da roba.

Haɗarin da ke ciki

Kada a laluba yoyo da hannu. Siririn mai da ke fita ta ƙaramin huji yana iya huda fata ko da matsinsa bai wuce bar 7 ba, balle 180. Raunin kan yi kama da tsinin allura, amma man da ya shiga yana ruɓar da nama har ya kai ga yanke yatsa. Wanda hakan ta same shi a kai shi asibiti nan take, a gaya wa likita abin da ya shige shi, don aikin tiyata ne. Da guntun kwali ake neman yoyo. Haka nan kada kowa ya shiga ƙarƙashin abin da mai kaɗai ke riƙe da shi sai an tokare shi da ƙarfe ko gungume.

Abin da ya rage ga mai tarakta

Wanda ba ya riƙe sifana ma yana da rawar da zai taka. Kafin ya biya kuɗin famfo, ya tambayi makanike: bar nawa geji ya nuna, da mai mai zafi ko mai sanyi, kuma nawa littafi ya ce? Mai sayen tsohuwar tarakta ya nemi a yi gwajin a gabansa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Maris ko Afrilu, a rubuta adadin a ajiye. Idan matsala ta taso tsakiyar damina, da wannan adadi za a gwada sabon, maimakon a yi ta canja kaya ɗaya bayan ɗaya yayin da manoma ke neman wata taraktar.